Ƙofar da Na Tokare da Takalmi

A birnin Galway na ƙasar Ayalan labarin rasuwar Inna ya same ni, a ɗakin wani otal da ko a mafarki ban taɓa kai kaina irinsa ba. Ni malamin asibiti ne a Anka. Na daɗe a ɗakin yaran da gubar dalma ta kama a garuruwan masu haƙar zinari, shi ne aka gayyace ni taro in faɗi abin da idona ya gani.

Otal ɗin ƙarami ne, amma an kashe masa ado kamar ɗakin amarya. Kujerun karan-miski koraye, bahon wanka mai ƙafafu huɗu, fitilu masu haske kamar suna jin kunya. Kullum in an gyara gado sai a ajiye cakulan ɗaya bisa matashin kai. Ranar farko na yi ta ɗaukar hotuna don in nuna wa Inna, na san za ta ce Turawa ba su da aikin yi.

Rana ta biyu da hantsi ƙanena ya kira.

“Yaya, sai haƙuri. Inna lokaci ya yi. Tun jiya da la'asar munka kai ta. Babu sabis Zugu, shi as sa ban kira ba sai yanzu da nit taho Bukkuyum.”

Na yi salati. Na tambaye shi wa ya yi mata salla, ya faɗa mini. Na ajiye waya, na jira kuka, bai zo ba. Ban ji komai ba, wallahi, sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki. Jirgina sai bayan kwana huɗu, kuma ko yanzu na tashi, ƙasa ta riga ta rufe.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Inna ba ta taɓa barin gaisuwar mutuwa ta wuce ta ba. Daga garinmu Zugu har Gummi, ko hanya ba lafiya, sai ta hau babur ta je. Takan ce wanda ya zauna wa mutane, za a zauna masa. Ga shi yau ana zaman makokinta, babban ɗanta yana ɗaki a kulle kamar ɓarawo. Na aika wa masu taro cewa ba ni da lafiya. Na shimfiɗa babban tawul a ƙasa daidai bakin ƙofa, na buɗe ta, don ba a zaman makoki ƙofa a rufe. Ƙofar kuwa mai taurin kai ce, da ka sake ta sai ta koma da kanta. Na tokare ta da takalmina.

Na zauna da carbi. Wasu mata da miji suka wuce da akwati, suka kalle ni, suka kau da kai. Wani ma'aikaci cikin kwat ya zo cikin ladabi ya tambaya ko makullin ne ya lalace. Na ce a'a. Ya yi murmushi, ya ce dokar kashe gobara ba ta yarda a bar ƙofa a buɗe ba, ya zare takalmin ya miƙo mini da hannu biyu. Yana juya baya na mayar.

Wajen azahar mai gyaran ɗaki ta iso da kekenta na zannuwan gado, wata dattijuwa mai furfura. Ta dubi takalmin, ta dube ni, ta ce wa ya rasu. Ban san yadda ta gane ba. Na ce mahaifiyata. Ta miƙo hannu ta ce tana taya ni jimamin abin da ya same ni. Ni da ba na musabaha da mata, sai na ga hannuna cikin nata, bakina kuma ya amsa da Hausa: “Amin, Allah ya ba da lada.”

Ta tafi, ta dawo da shayi kofi biyu. Ta jawo koriyar kujerar nan zuwa bakin ƙofa ta zauna. Ta ce su ma a ƙauyensu haka ake yi, ba a rufe gida, ba a barin mai rashi shi kaɗai. Shayin ya huce a hannuna. Mai kwat ya sake biyowa, ta yi masa kallo ɗaya, ya wuce.

Washegari ma ta zo, ranar sadakar uku ke nan. Babu gumba, babu waina. Na tattara cakulan ukun da ban ci ba na ba ta, na ce sadakar Inna ce. Ta karɓa ta zuba a aljihun rigar aikinta.

Da yamma ƙanena ya sake hawo babur zuwa Bukkuyum ya kira. Ya ce tabarmi sun kasa, mutane daga Anka, daga Gummi, har Fulanin da Inna ke sayen nono wurinsu.

“Kai fa, Yaya, ka samu masu gaisuwa?”

Na ce na samu.

“Da yawa?”

Na ce mutum ɗaya ce, amma ta zauna.