Goggona da Ma'aunin Likita

Shekarun baya, lokacin da rikici ya koro mutanenmu daga arewacin jiha, gidanmu na Yola Gari ya cika har zaure. Ni kuwa a lokacin ina tuƙa jirgin sama na fasinja, na zo hutu da takaici a ciki. Likitan da ke duba mu ya ce nauyina ya wuce ƙima, jinina ya fara hawa. In na koma a haka, sai dai in kalli jirgi daga ƙasa. Ga shi albashin nan ne ke riƙe da gidan kaf.

Cikin waɗanda suka gudo har da goggona, yayar mahaifina. Ba ta tsira da komai ba sai zanen jikinta da iya girki. Ita a ganinta, hanyar gode mini ɗaya ce: tuwo da miyar kuka tana ninƙaya a man shanu, a bi da fura da kindirmo. A gidanmu kuwa ba a mayar wa babba da ƙwarya a cike. Sai in tafi Jimeta in yi ta gudun motsa jiki da safe ina haki kamar tsohon babur, in dawo in zauna in rushe aikin da hannuna.

Da abin ya ishe ni, na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta ce, "Ni ba ruwana, je ka faɗa mata da bakinka."

Na je ina inda-inda. Goggo ta kalle ni sama da ƙasa. "Jirgin da yake ɗaukan alhazai da tsaraba, kai ne za ka gagare shi?"

Na ce, "Goggo, ba jirgin ba ne, zuciyata ce. In ta tsaya a sama, akwai mutane a bayana."

Can ta ce, "Ranan da muka gudo, mota ya cika har sama. Ba wanda ya kalli hanya. Duka ƙeyan direba muke kallo, muna addu'a kar wani abu ya same shi."

Daga ranar Goggo ta zama dogari. Ta kulle man shanu a ɗakinta, ta koma dafa mini zogale da kifin Binuwai. Bappana ya miƙo mini tsire, ta fizge ta cinye a gabana. Na sha wuya, ba ƙarya, har na fara kewar likitan.

Na koma na ci gwajin likita, kuma har yau ina tashi.

Da aka samu zaman lafiya Goggo ta koma garinsu, can Allah ya karɓi abinsa. Yanzu in na je Yola kowa lallaɓa ni yake, ba mai tilasta mini ci, ba mai hana ni. Wallahi ina kewar duka biyun. In na shiga jirgi na ji fasinjoji na zama a bayana, nakan ji kamar tana cikinsu, tana kallon ƙeyata.