Gawon Gonar Babanmu

A shekarun da kananzir ya yi ɓatan dabo a Dutse, ni ne malamin da ke koyar da darasin kwararowar hamada a makarantarmu. Ina da taswira, ina da sandar nuni. Nakan gaya wa yara cewa duk wanda ya sare bishiya ya buɗe wa rairayi ƙofa, su rubuta, in ba su maki. In an tashi kuma in hau kekena, in biya wurin mai itace, in ɗaure ƙulli biyu a baya, in bi ta lungu don kada ɗalibai su gan ni. Rishon da aka kawo matata da shi yana kan kabad, ta lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Galan ɗaya a hannun 'yan bumburutu ya fi ƙarfin albashina, layin gidan mai kuwa sai marar aikin yi ko mai ƙani soja.

Ana cikin haka wani direban motar kasuwa ya kawo mini saƙo daga ƙauyenmu a ƙasar Miga: Yaya zai sayar da gawon gonar Baba. Masu gidan burodi ne suka taya.

Gawo bishiya ce mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowa ke yin ganye, shi sai ya zubar da nasa ya bar wa gero rana. Da rani ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya, shanun Fulani su zo su ci, su kwanta a inuwa, su bar mana kashi. Geron gindinsa ya fi na ko'ina a gonar nan kai. Baba, Allah ya jiƙansa, ko reshe bai yarda a sara ba.

Ranar Asabar na shiga mota, da takardar wayar da kai mai hoton hamada a aljihu. Na sami Yaya yana sharar gona. Muka gaisa, na tambayi Inna da yara, sannan na gyara murya irin ta aji.

"Yaya, ai gawon nan shi ne takin gonar."

"Takin gindinsa dai," in ji shi. "Sauran gonar fa? Ƙasa ta gaji. Hatsin bara ko azumi bai kai mu ba. Takin zamani nake so, kuma ba a ba da shi don Allah."

"Amma a kimiyyance, in ka sare shi..."

"Malam, a gidanka da kimiyya ake tuƙa tuwo?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Direba ya ba ni labarin kekenka da lungu. Wannan itacen da kake ɓoyewa, daga sama yake faɗowa? Gawon uban wani ne. Naka ne kawai mai daraja?" Ya jingina da ƙotar fartanya. "Ba na son doguwar magana. Kawo buhu biyu in bar shi. Kai, ɗaya ma."

Na laluba aljihu, hannuna ya taɓa hoton hamada. Abin da na zo da shi ke nan.

Har yau in na tuna tsayuwar nan raina ɓaci yake, kuma ba da Yaya ba. Kowace damina sai an kwashe mu da ɗalibai an jera a rana don bikin dashen bishiyoyi. Manya su iso da manyan riguna, wani ya haƙa musu rami tun jiya, su sunkuya kaɗan su sa tsiro, a zuba musu ruwa su wanke hannu, mu tafa. Kafin mako ya zagayo akuya ta gama da shi. Sai a yi jawabi a kan jahilcin talaka mai saran daji. Mai jawabin da gas ake yi masa girki. Takin da aka ce an kawo wa manoma ya san inda ya kwana, kananzir ma haka. Su suka hana mu abin hura wuta, su suka hana Yaya abin zuba wa gona, sannan suka buga mana takarda mai launi, ni kuma na ɗauko ta har Miga kamar wani abin kirki.

Inna ba ta shiga maganar ba. Da zan tafi dai ta ce in an kayar a sassaƙa mata turmi, nata ya tsage.

Bayan mako biyu wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gidana, maƙare da gungume, za ta gidan burodi. Mutum biyu suka sauko suka jibge mini rassa a bakin zaure.

"Yayanka ya ce rabonka ne na gado."

Matata ta leƙo, ta dubi tulin, ta dube ni. Tun safe take fama da karan dawa da guntun kwali, shinkafa ta ƙi nuna.

"Malam, a mayar masa, ko a shigo da shi?"

Hadari ya haɗu a gabas. Na daɗe ina kallon ɓawon, na ma gane reshen da muke lilo a kai.

"A shigo da shi," na ce, "kada ya jiƙe."

Ɗanye ne, ya yi ta hayaƙi, ita tana hawaye a murhu, ni ina tari a ɗaki ina duba littattafan yara. Ya kai mu har bayan babbar Sallah, kuma ban taɓa barin loma a kwano ba.