Azahar a Garin Fim

Abin da na fara lura da shi da muka sauka daga bas shi ne gidajen ba su da ciki. Ta gaba akwai ƙofa da taga, har da jar fitila a rataye, amma ta gefe katako ne kawai aka tokare da ƙarfe. Tsohon wurin ɗaukar fim ne a wajen birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda ƙungiyar makarantarmu ta masu kwanan tanti ke haɗuwa duk shekara. Zuwana na farko ke nan. Sai da Baba ya yi mako guda da takardar izinin tafiyar a shagonsa na unguwar Dengfeng kafin ya sa hannu.

Dokar malamarmu ita ce biyu-biyu, ba a rabuwa, kuma duk rabin awa tana busa usur ta ƙirga mu. An haɗa ni da wata 'yar Sin mai tabarau, wadda aron biro kaɗai ya taɓa haɗa mu.

Wurin cike yake da baƙi masu karɓar hayar tufafin zamanin da, suna ɗaukar hoto. Da suka ga hijabina sai suka ɗauka ni ma hayarsa na yi. Wata tsohuwa ta kama gefensa tana murzawa, tana tambayar wane shago. Na ce nawa ne. Ta yi dariya ta jawo ni kusa da jikarta. Daga nan duk inda na juya, waya ce a ɗage.

Azahar ta yi. Sallayar da Umma ta naɗe min tana ƙasan jaka. Tantinmu ko a durƙushe kaina yana taɓa rufinsa. Na yi alwala da ruwan gora a bayan bas, kamar mai wanke fuska. Aka busa usur, aka ƙirga, aka sake busawa. Inuwa ta fara tsawo. Ina ta zagaye rungume da jaka, yarinyar na biye da ni.

A ƙarshen layi na tura ƙofar wani shagon magani. Ciyawa ce a bayanta, babu kowa. Sai dai ba sakata, iska ma buɗe ta take yi.

Na juyo wajen yarinyar. Da Sinancina na aji na ce mata, "Don Allah ki riƙe min ƙofar nan. Minti biyar kawai. Salla zan yi."