Tulun Kakata Ba Maraya Ba Ne

Ku yi haƙuri, ban saba rubutu a nan ba, amma raina ya ɓaci.

Jiya makarantarmu ta kai mu baje kolin tukwane a Wuse. Kowace tukunya da sunan mai ita, ban da tulu ɗaya cikin gilashi. Na gane shi da alamar yatsa da kakata take dannawa a wuyan duk tulun da ta gina.

Mai bayani ya ce, "Wannan ba a san wanda ya gina shi ba."

Na ce, "Oga, kakata ce. Tana garin Jiwa da ranta."

Ya yi dariya. "'Yammata, matsa, kada ki ɓata mana gilashi."

Ko sunanta bai tambaya ba!

Sunanta Talatu. Kun yarda in sake rubutu a kanta?