Gidan Tururuwa a Kan Allo

Shekarar da fari ya dawo, sojoji na kan mulki, ina koyar da Ingilishi a wani kolej a Yamai. Lokacin ko tari za ka yi sai ka waiga.

Wata safiya muka iske kalmar "tunnel" a littafin karatu. Na ce musu hanya ce da ake haƙawa ƙarƙashin ƙasa ko cikin dutse, a shiga nan a ɓulla can, har jirgin ƙasa na bi. Ɗalibai suka zuba mini ido. Ba su taɓa ganin jirgin ba balle raminsa. Ni ma a hoto na gani, amma malami ba ya faɗin haka.

Sai na zana gidan tururuwa da hanyoyinsa. Na ce, "Irin waɗannan ne. Su iyayenmu mata ke fasawa yanzu a ƙauyukan Tawa, suna kwashe ɗan hatsin da tururuwa ta tara." Jiya-jiya ƙanena ya rubuto mini labarin, bakina ya riga hankalina.

Bayan kwana biyu darakta ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya maimaita maganata ba ragi ba ƙari.

"Malam, Ingilishi aka ɗauke ka koyarwa ko labarin yunwa? Daga sama aka tambaye ni. In ka sake, ba ni da yadda zan yi da kai."

Na fito. Aikin nan ke ciyar da gidana da na mahaifina. Wa ya kai ni ƙara? Malamin ajin gefe ya cika tambaya, taga kuma a buɗe take. Amma zuciyata ta tsaya kan ɗalibin bencin gaba, wanda ubansa soja ne. Ya fi kowa ƙoƙari, yana rubuta duk abin da na faɗa. Da abin na burge ni, yanzu alƙalaminsa tsoro yake ba ni.

Ban zage shi ba, ban rage masa maki ba. Daina ganinsa kawai na yi. Ya ɗaga hannu, in kira na bayansa. Ya gaishe ni a kasuwar Piti Marshe, in duƙa ina taya tumatir.

Aikina bai taɓu ba. Har yau ban san wanda ya kai ni ba, kuma ba ni da shaida ko ta ƙwayar gero a kan yaron. Kafin damina ya daina ɗaga hannu, ya daina rubutu. Abin da ke cina shi ne, a lokacin daɗi na ji.