Wurin Kwanciyar Yaya a Bakin Rijiya

Gidanmu yana gangare, kusa da kogi. Idan ka haƙa ƙasa gaba biyu za ka tarar da ruwa. A ƙarshen tsakar gida, gefen tsohuwar rijiya, akwai wani ɗan fili da ƙasarsa ba ta taɓa bushewa sarai. Ban san darajarsa ba sai da wan mijina ya gudo daga Baga, can bakin tafki, saboda rikici.

Ya iso da riga ɗaya, ba kwale-kwale, ba gona. Ɗakunan gidan duk cike suke da 'yan'uwa, sai aka buga masa rumfar kwano kusa da ƙofa, inda yashi yake a bushe. Da bazara, kafin azahar wannan yashin ya isa ya gasa ƙwai.

Shi ne ya gano bakin rijiyar. Kullum rana ta take, sai ya je ya share yashin sama da tafin hannu, ya shimfiɗa buhu ya kwanta.

Wata rana na ce, "Yaya, ga tabarma mana."

Ya ce, "Bar ta, ƙanwata. Zo ki taɓa nan."

Na taɓa, na ji sanyi kamar gindin randa. Ya ce a nan rana tana ɓata ƙarfinta wajen shan damshi, a can ƙofa kuwa ba abin da za ta sha, sai ta huce a kan yashi da mutane. Da sanyi ya shigo kuma wurin ya fi ko'ina ɗumi da asuba. Haka bakin tafki yake, in ji shi.

A shekarun nan fita gona kasada ce, kayan miya suka yi wuya a gari. Yarana suna cin tuwo da miya kamar ruwa. Na fara kallon filin nan da wani ido. Ban ce masa komai ba. Amma nakan tsaya kusa da shi in ce wa maƙwabciyata, da ƙarfi, ai da ina da wuri mai damshi da na shuka yakuwa.

Ba a daɗe ba na fito da safe na same shi da fartanya, ya riga ya ja kunyoyi.

"Yaya, to ina za ka riƙa kwanciya?"

"Ƙasa mai ruwa ta shuka ce," ya ce, bai ɗago ba.

Da na nace zai bari, na sani, kuma ban nace ba.

Yakuwa da alayyafo suka yi kyau, har muna ba maƙwabta. Azumi ya zo a tsakiyar zafi, gari ba wuta. Ina cikin ganye ina tsinka, iska mai sanyi tana taɓa ƙafata, ina hango shi ƙarƙashin kwano ya jiƙa rawani ya rufe fuska. Wata la'asar ya tashi zai yi alwala, ya yanke jiki ya faɗi. Muka kwashe shi zuwa asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa.

Ya tashi, amma ƙarfinsa bai koma ba. Mijina ya ce tsufa ne da azumi. Kowa ya yarda, ni ma na gyaɗa kai.

Da aka sallamo shi na ce zan tuge kunya biyu ya samu wuri. Ya yi dariya ya ce yara sun saba da miya mai ganye, kada in soma. Daga baya 'yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Ajilari. Ranar tafiyar ya yi mini godiya har sau uku, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.