Sallama a Ɗakin Inna

"Kashe injin nan!" Kwamanda Garba ya daka mini tsawa, muna tsakiyar tafki ɗauke da 'yan kasuwar Warra.

Tsohon sojan ruwa ne, yana koya mini tuƙin jirgi, a lokacin ba a daɗe ba da ruwan madatsar Kainji ya cinye ƙauyensu. Na kashe nan take.

"Baba, dutse ne?"

"Wane dutse? Ɗakin Innata na nan ƙasa. Haka za ka bi ta kanta ba sallama?"

Fasinja suka kwashe da dariya. Shi ko sai da ya shafa fatiha, sannan ya ce in tayar.

Shekaru sun shuɗe. Jiya muka kai shi makwancinsa a Yelwa. Allah ya jiƙan Baba. Duk wanda ya taɓa shan tsawarsa, ya zo ya ba mu labari.